Littattafan bayanin Star Wars: wanda ya taɓa saya ya faɗa mana abin da ya gani

Ɗalibi, Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa sa kuɗinsu a wannan harka. Wani abokin yayana da ya yi karatu a waje zai rage littattafansa, a ciki akwai The Complete Star Wars Encyclopedia, mai juzu'i uku a kwali ɗaya, bugun 2008. Na ɗauka na jujjuya shi, raina ya biya ƙwarai. Sai dai kuɗin da ya yanka mini, in zan biya, dole in taɓa abin da nake tarawa na canza waya. Tun ina ƙaramar sakandare nake bin finafinan nan, kuma duk abin da ya shige mini duhu ina samunsa a Wookieepedia, shafin intanet na bayanan Star Wars, in dai akwai data. To me littafin takarda zai ƙara mini? Wanda ya saya, wanne ya saya, kuma yana buɗa shi ko yana can kan kanta ƙura ta rufe shi?

Malamin sakandare, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan kundin da kake magana ina da shi, a Kaduna na same shi wurin masu littattafan gwanjo. Aiki ne babba, shafinsa ya haura dubu, kuma lokacin da na kawo shi gida babu wani suna da zai fito a fim ko a littattafan labarin da ba zan same shi a ciki ba. Amma akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ku fara ciniki.

A 2012 kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, daga hannun George Lucas a kan kuɗi sama da dala biliyan 4. A watan Afrilun 2014 suka sanar cewa littattafan labari da na zane da wasannin da aka yi shekara da shekaru ana fitarwa duk an ware su gefe, an sa musu suna Legends, sabbin finafinai ba za su bi su ba. Mafi yawan abin da ke cikin kundin 2008 daga can aka kwaso shi. Ka buɗe wurin Chewbacca, zai ce maka ya mutu, domin haka aka rubuta a wani littafin labari na 1999. Ka kunna fim ɗin 2015, ga shi nan da ransa tare da Han Solo. Kundin zai ce maka 'ya'yan Han da Leia uku ne, Jaina da Jacen da Anakin. A sabbin finafinai ɗa ɗaya ne, Ben. Zai ce maka Luke ya auri Mara Jade, a finafinan kuwa babu wannan aure. Finn da John Boyega ya fito a matsayinsa, wanda mu 'yan Najeriya muka yi ta murna da shi saboda iyayensa 'yan ƙasar nan ne, ko sunansa babu, domin ba a ƙirƙiro shi ba tukuna.

Kamar kalandar bara yake, hotunanta na nan da kyaunsu amma ba ka duba ranar biki a cikinta. Ni ina buɗa nawa har yanzu saboda na karanta tsofaffin labaran kuma ina son su, musamman na Timothy Zahn da suka fara fitowa a 1991. Thrawn ma, wani kwamandan yaƙi na ɓangaren miyagu, daga can ya fito, daga baya suka dawo da shi cikin sabon tsarin. In kai ma tsofaffin labaran ne suka dame ka, kundin zai yi maka aiki. In kuwa sabbin shirye-shirye irin The Mandalorian da Andor kake bi, ka bar kuɗinka a aljihu.

Ɗalibi, Tudun Wada, Gusau

Na gode Malam. Wallahi ban san raba su aka yi har haka ba, ina dai ganin Canon, wato sabon tsarin, da Legends a saman shafin Wookieepedia ina wucewa. Sabbin nake bi.

Bakanike, Gusau

Ni ban yi boko mai zurfi ba, Turancina na karanta takardar kayan gyara ne. Amma ina da littafi ɗaya na Star Wars wanda ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba. Sunansa Incredible Cross-Sections, na 1998. Wani mai mota da nake yi wa aiki ne ya ga ina kallon fim ɗin a waya a gareji, da ya dawo daga tafiya ya kawo mini.

Abin da ke ciki shi ne an ɗauki kowane kumbo an yanka shi a zane, an buɗe cikinsa. Millennium Falcon ga inda injin yake, ga hanyar wayoyi, ga ramin da suke ɓoye kaya a ƙarƙashin daɓe. Motar yaƙin nan mai ƙafa huɗu, AT-AT, an nuna yadda gwiwarta ke lanƙwasawa da inda sojoji ke zama. Mutum biyu suka zana shi da hannu, Hans Jenssen da Richard Chasemore. Ni da na saba kwance inji, ina kallon zanen ina ganin mutanen nan sun zauna sun yi tunanin inda kowane bututu zai bi, ba cika shafi kawai suka yi ba. Na san duk ƙage ne, babu kumbon da ke tashi haka. Amma wanda ya zana ya san yadda ake jera ƙarfe.

Wani yaro a gareji ya taɓa turo mini irinsa a waya. Na buɗe, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Shafin littafin babba ne, zane ɗaya yana cin shafi biyu, a waya kuwa in ka buɗa hoton don ka ga ƙananan rubutun sai sauran kumbon ya ɓace, in ka mayar da shi don ka ga kumbon sai rubutun ya ƙi karantuwa.

Sannan ku tuna Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro. Mutane har Funtuwa suke zuwa don su buga waya ɗaya. Wayar kowa ta koma tocila da rediyo. A waɗannan makonni yaran unguwarmu bayan Magariba a ƙofar gidana suke taruwa, a shimfiɗa tabarma, a sa littafin a tsakiya, kowa da yatsansa a kan wani abu yana tambaya. Ɗaya daga cikinsu yanzu yana koyon zanen injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha. Ba na cewa littafin ne ya kai shi, Allah ne ya kai shi da ƙoƙarin iyayensa, amma na san inda ya fara kwaikwayon zanen ƙarfe a bayan littafin makarantarsa.

Ɗan kasuwa, Gummi

Ku yi haƙuri, ni ban goyi baya ba. Ina son finafinan nan kamar kowa, amma yaro ɗalibi ne, kuma wayarsa ce zai yi karatu da ita, ya cike fom da ita, ya karɓi kuɗi da ita. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk littafin da aka buga a Ingila ko Amurka kuɗinsa ya bi ta. Na taɓa tambayar farashin wani sabo ta hannun mai kawo kaya daga waje, da aka haɗa da kuɗin nauyi sai na ce a bar shi. Maganar katse layi kuma, Allah kada ya maimaita mana, amma ba za a sayi littafi mai tsada ana jiran ranar da sabis zai ɗauke ba. Mutum ya sauke abin da yake so ya ajiye a waya.

Ga wani abu kuma da ba ku faɗa ba. Su kansu littattafan ba bakinsu ɗaya ba. Babban kumbon Darth Vader, Executor, tsofaffin littattafai sun ce tsawonsa kilomita 8, wasu suka zo suka ce 12.8, daga baya aka tsaya a kan 19. Wanda ya sayi na farko yana nan yana musu da mutane da lambar da masu abin suka riga suka canza. A intanet in an canza yau, gobe an gyara.

Bakanike, Gusau

Alhaji maganarka gaskiya ce a kan waya, ban ce yaro ya bar waya ya sayi littafi ba. Amma ni ban taɓa buɗa nawa don in san tsawon kumbo ba. Ko sun ce kilomita ɗari ne, zanen yana nan yadda yake.

Malamar firamare, Talatar Mafara

Ni ta wajen yara zan yi magana. Ƙanena ne ya bar mana The Visual Dictionary na 1998 da zai tafi bautar ƙasa, wanda kamfanin DK ya buga. Hotuna ne na ainihin kayan da aka yi fim ɗin da su, tufafi da huluna da makamai da mutum-mutumi, kowanne an ja layi an rubuta sunan sashensa da gajeren bayani. Babban ɗana a lokacin ba ya son karatun Turanci, in aka ba shi littafin makaranta sai ya fara hamma. Wannan kuwa da kansa yake ɗauko ƙamus, domin yana son ya san me aka rubuta a gefen hular Darth Vader. Jimlolin gajeru ne, hoton kuma yana taimaka masa ya gane kafin ya gama karantawa. Ƙannensa mata ma sun bi sahu, su tufafin Leia da R2-D2 suka fi jan hankalinsu.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne na duba littafin daga farko har ƙarshe kafin in ba su, na san abin da ke ciki. Waya kuwa in na miƙa wa yaro don ya duba abu ɗaya, ban san talla ko bidiyon da zai faɗo masa ba. Maganar Force ɗin nan da suke yi, wato wani ɓoyayyen ƙarfi da jaruman fim ɗin ke aiki da shi, na zaunar da su na ce tatsuniyar Turawa ce, wani mutum ne ya zauna ya ƙirƙira, ba abin da za a gaskata ba ne. Sun gane, ba a sake tayar da zancen ba.

Illarsa ɗaya a wurina, yara sun gaji da shi bayan wani lokaci, domin ba shi da yawa, finafinai uku na farko kawai ya ɗauka. Yanzu sai in baƙi sun zo da yaransu ake fito da shi.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Sabon Gari, Gusau

Kowa yana maganar littattafan da ke bayanin abin da ke cikin labarin. Ni wanda ya amfane ni shi ne mai bayanin yadda aka yi fim ɗin, The Making of Star Wars na J. W. Rinzler, 2007. Ba nawa ba ne ni kaɗai, mu uku muka haɗa kuɗi, duk masu sana'ar kyamara. Irin wannan babu ruwansa da Canon ko Legends, domin tarihi ne na abin da ya faru da mutane na gaske, kuma Disney ba ta da ikon soke abin da ya riga ya faru a 1976.

Marubucin ya samu shiga ma'ajiyar Lucasfilm, ya yi aiki da hirarrakin da aka yi da ma'aikatan fim ɗin tun a shekarun 1970, wasunsu ma kafin kowa ya san fim ɗin zai karɓu. Shi ya sa babu fahariya a ciki, sai damuwa da ƙarancin kuɗi da kayan aiki da ke lalacewa. Sun fara ɗauka a Tunisiya a watan Maris na 1976, ruwan sama ya sauko musu a hamada ya ɓata musu shiri, mutum-mutumin suna ta ƙin aiki. Kuɗin fim ɗin gaba ɗaya kimanin dala miliyan 11 ne. Zane-zanen Ralph McQuarrie, waɗanda da su aka nuna wa kamfani yadda abin zai kasance tun babu ko hoto ɗaya, suna ciki manya-manya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka yi aiki da abin da ke hannunsu. Mariƙin takobin hasken Luke daga mariƙin fitilar wata tsohuwar kyamara aka yi shi. Ƙarar takobin, mai haɗa sautinsu Ben Burtt ya haɗa gurnanin injin majigi da ƙarar da talabijin ke sa wa makirfo. Ƙarar bindiga kuwa wayar ƙarfe mai riƙe da hasumiyar rediyo ya buga. Jikin kumbunan da muke gani kamar ƙasaitattun injina, gutsattsarin kayan wasan yara ne na tankokin yaƙi da jirage aka manna. Da na san wannan na daina cewa rashin kayan aiki ne ya hana mu yin abin kirki a nan. Na fara yawo da na'urar ɗaukar sauti, na ɗauki ƙarar injin niƙa da ta maƙera da ta kasuwar dabbobi, ina amfani da su a gajerun finafinan da muke gwadawa. Wasu daga cikin labaran nan akwai su a intanet a warwatse, ban musa ba. Amma a jere, wata bayan wata, da takardun asali da hotunan bayan fage a gefen bayanin, ban ga inda aka tara su haka ba.

Gargaɗi ɗaya, rubutu ne mai yawa da ƙananan haruffa, Turancinsa kuma ba na yara ba ne. Wanda hoto kawai yake so zai gaji.

Injiniya mai ritaya, Samaru, Gusau

'Ya'yana, ku ba tsoho dama ya sa baki ko da yake ni ɗan Star Trek ne, wani shirin sararin samaniya na daban. Abin da Malam na Ƙaura ya faɗa ba Star Wars kaɗai ya shafa ba. The Star Trek Encyclopedia na Michael da Denise Okuda ya fara fitowa a 1994, aka yi ta sabunta shi, bugun ƙarshe mai juzu'i biyu ya fito a 2016. A 2017 aka fara sabon shiri, Discovery, wasu kuma suka biyo baya. Shekara ɗaya kenan kundin ya yi yana cikakke. Duk littafin da ya ɗauki alkawarin tattara komai a kan labarin da ba a gama ba, haka zai ƙare.

Wanda nake da shi, kuma ban daina buɗawa ba, shi ne Technical Manual na The Next Generation, 1991, na Rick Sternbach da Michael Okuda. Su biyun ma'aikatan shirin ne, kuma littafin ya samo asali daga bayanan da suke ba marubutan shirin don kada wannan ya ce injin kaza yake aiki wancan ya ce wani abu daban. Kumbo ɗaya ya ɗauka, Enterprise-D, ya bi shi lungu-lungu. Shirin ya ƙare a 1994, saboda haka babu abin da zai zo ya tsufar da shi sosai. A ƙasan shafuka ma sukan fita daga labarin su faɗi gaskiyar yadda aka yi a wurin ɗauka, wannan ɓangaren na fi so.

Ina dai jan kunnen ɗalibai, an rubuta shi da harshen injiniyoyi har ka ɗauka gaskiya ne. Gudun da ya wuce na haske da ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri a cikin ƙiftawar ido, babu su a kimiyyar da muka sani. Ka ji daɗinsa, amma kada ka kai shi ɗakin jarrabawa.

Ɗalibi, Tudun Wada, Gusau

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na gode muku duka. Kundin zan bar shi, waya zan canza kamar yadda Alhaji ya ce. Amma zan koma in duba ko a cikin littattafan mutumin akwai mai zanen kumbuna ko na Rinzler, in akwai kuma kuɗinsa da sauƙi zan gwada.

Mai shagon littattafai, Gusau

Tunda za ka koma, ga abin da za ka duba, domin irin waɗannan sukan biyo ta hannuna jefi-jefi a cikin kayan gwanjo daga Kano da Kaduna. Fara buɗe shafin da ke bayan sunan littafin ka ga shekarar bugu. In kafin 2014 ne ka san tsohon tsari ne, ka rage kuɗi a kan haka in kundin sunaye ne. In na zane ne ko na tarihin fim, shekara ba ta rage masa daraja.

Ka buɗe tsakiyarsa ka ga ko ɗinkin ya saki. Takardarsu mai sheƙi ce mai nauyi, in gam ya bushe shafuka sukan fara zubowa, kuma zafinmu da hunturunmu ba sa raga wa gam. Masu shafi mai ninki, ka warware shi gaba ɗaya, a nan yara suka fi yagawa. Ka shinshina, in yana warin danshi ka duba ko shafuka sun manne da juna, domin takarda mai sheƙi in ta sha ruwa ta manne ba ta rabuwa sai da hoton. Akwai kuma na jabu da ake bugawa daga hoton waya, za ka gane su da dusashewar launi da ƙananan rubutun da ba sa fita. A littafin da hoto ne jarinsa, na jabu asarar kuɗi ce.

In ka kai shi gida kada ka jingina shi da bango ko ka ajiye a ƙasa, gara ba ta jin Turanci amma tana son takardar Turawa. Akwatin ƙarfe ko kanta mai ƙafa, kuma a kwance, ba a tsaye ba, saboda nauyinsa.

Malamar firamare, Talatar Mafara

Malam mai shago, in mutum zai sayi guda ɗaya tak saboda yara 'yan shekara goma zuwa sha uku, wanne za ka ce?

Mai shagon littattafai, Gusau

Hajiya, tunda kuna da na hotunan kaya, ki nemi Complete Vehicles. DK ne suka tattara littattafan zanen kumbunan, har da irin na hannun bakanikenmu, suka mayar da su guda ɗaya a 2013, daga baya suka sake buga shi da ƙarin na sabbin finafinai. Sabonsa yana da tsada, kada ki yi gaggawa. Ki sa wani ɗan uwa da ke Kano ko Abuja ya riƙa leƙa wurin masu gwanjo, in an samu a naɗe shi a leda biyu kafin a ba direba a tasha, musamman in damina ce.